Sayen Injin Bel na Ƙera Wuƙa: Lissafin da Ya Kamata a Yi Kafin a Biya Kuɗi

IKKO: A duk shekara idan Babbar Sallah ta ƙarato, kasuwar wuƙa takan buɗe a manyan biranen Kudancin ƙasar nan kamar yadda take buɗewa a Arewa. Mahautan mayankar Oko-Oba da ke Agege, da masu tsire na unguwar Sabo a Badun, da magidanta masu shirin layya, kowa yana neman wuƙar da za ta yi yanka da fiɗa ba tare da ta dakushe a tsakiyar aiki ba. Ta hanyoyi biyu ake biyan mafi yawan wannan buƙata, wato wuƙaƙen ƙarfe maras tsatsa da ake shigowa da su daga ƙasar Sin, da kuma na maƙeran gida waɗanda ake bugawa daga tsohon sifirin mota.

A 'yan shekarun nan an soma ganin wasu mutane, ko da yake ƙalilan ne, waɗanda ba su gaji ƙira ba amma suka shiga yin wuƙa don sha'awa. Akwai ma'aikatan ofis, akwai masu walda, akwai ɗaliban kwalejojin fasaha, kuma galibinsu a intanet suka ga yadda ake yi. Asalin wannan salo daga Amurka yake. A can ne masu yin wuƙar hannu suka kafa ƙungiyarsu ta Knifemakers' Guild a shekarar 1970, sannan masu bugun ƙarfe suka kafa American Bladesmith Society a 1976. Shirin talabijin na Forged in Fire, wanda aka fara nunawa a 2015, shi ya ƙara yaɗa abin a duniya. Wanda ya fara don sha'awa, idan abokai suka ga aikinsa suka ce a yi musu, ba ya daɗewa sai ya fara tunanin jari. Kuma abu na farko da yake hange shi ne injin bel.

Injin ba wani abu mai wuyar fahimta ba ne. Moton lantarki ne ke juya wili, wilin kuma yana jan wani bel mai kaushi irin na samfefa a kan wasu wiloli biyu ko uku, sai mai aiki ya danna ƙarfe a jikin bel ɗin yana cinye shi. Aikin da maƙeri zai wuni yana yi da magagari da dutsen wasa, injin yakan gama shi cikin ɗan lokaci, kuma ya fitar da gefen wuƙa a miƙe fiye da yadda girandar hannu za ta iya. To amma abin da yawancin masu saye ba sa lura da shi sai bayan sun biya kuɗi shi ne, sau ɗaya ake sayen inji, bel kuwa kullum sai an saya. Saboda haka mai saye a Nijeriya ya kamata ya fara lissafinsa daga bel, sannan ya koma kan moto, daga ƙarshe ya zo kan gangar jikin injin. Mutane da yawa sukan juya wannan tsari, su ƙare da inji mai kyawun gani a jingine a lungu saboda babu bel ɗin da zai shige shi.

Girman bel shi ne magana ta farko. Ƙaramin injin da aka fi samu da arha yana ɗaukar bel mai faɗin inci 1 da tsawon inci 30. Motonsa bai kan wuce sulusin ƙarfin doki ɗaya ba, kuma da an danna ƙarfe da ɗan ƙarfi sai ya tsaya. Yana da amfani wajen wasa kaifi da gyaran ƙota, kuma ba laifi ba ne mai koyo ya fara da shi, amma ba a gina sana'a a kansa. Akwai kuma mai inci 4 da 36, wanda ake gani a shagunan kayan kafintoci. Wannan don katako aka yi shi. Gudunsa kaɗan ne, kuma yadda aka gina gefensa ba ya barin a fitar da kusurwar da ruwan wuƙa ke haɗuwa da gindinta. Girman da masu yin wuƙa a Amurka suka tsaya a kai shi ne inci 2 da 72, wato milimita 50 da 1,830. A Turai kuwa an fi amfani da milimita 50 da 2,000.

Dalilin fifita dogon bel a fili yake. Yana ɗauke da ƙwayoyin kaushi masu yawa, kowace ƙwaya tana samun lokacin hucewa kafin ta sake zagayowa kan ƙarfe, saboda haka bel ɗin ya fi jimawa kuma wuƙar ba ta saurin ɗaukar zafi. Bugu da ƙari, a wannan girma ne manyan kamfanoni irin su 3M da Norton da VSM da Klingspor suke fitar da kusan kowane irin kaushi. Sai dai bambancin milimita 170 da ke tsakanin girman Amurka da na Turai ya isa ya jawo asara. Wanda zai sa a ƙera masa inji a gida, yana da kyau ya ce a yi hannun da ke riƙe wilolin gaba da tsawon da za a iya jan sa ko a mayar da shi, ta yadda injin zai karɓi kowanne daga cikin biyun. Ƙarin ƙarfen da wannan zai ci bai taka kara ya karya ba, amma yana buɗe wa mai shi kasuwa biyu maimakon ɗaya.

Dangane da irin kaushin, iri huɗu ne ke yawo a kasuwa. Aluminiyam oksaid, mai launin ƙasa-ƙasa, shi ne mafi arha kuma shi aka fi samu a shagunanmu. Yana da kyau a kan katako da ƙaho da ƙarfe mai laushi, amma a kan ƙarfen da aka riga aka taurara yakan mutu nan da nan. Zarkoniya, wanda galibi shuɗi ne, ya fi shi juriya kuma kuɗinsa matsakaici ne. Seramik, mai launin ja ko ruwan lemo a wurin yawancin kamfanoni, shi ne sarkinsu wajen cin ƙarfe. An yi ƙwayoyinsa ta yadda za su riƙa farfashewa kaɗan-kaɗan suna fitar da sabon kaifi. Amma wannan farfashewa ba ta faruwa sai da gudu da kuma danni mai ƙarfi. Idan aka ɗora bel ɗin seramik a kan inji maras ƙarfi, sai fuskarsa ta yi sulɓi, ya daina ci alhali kaushin yana nan, an yi asarar kuɗi ke nan. Na huɗu shi ne silikon kabaid, baƙi, wanda Edward Acheson ya gano yadda ake haɗa shi a Amurka a 1891. An fi amfani da shi a kan gilashi da dutse da tagulla, kuma mai yin wuƙa zai iya daɗewa bai buƙace shi ba. Ya kamata a sani cewa launi al'ada ce kawai ta masana'antu. Mai son zamba zai iya rina bel mai arha ya yi ja, don haka a juya bayan bel a karanta abin da aka buga a kai.

A bayan bel ɗin ne kuma ake samun lambar kaushi. Ƙaramar lamba ita ce mai gautsi da cin ƙarfe, babbar lamba kuma ita ce mai laushi. Da lamba 36 ko 40 ake fitar da siffa, da 60 ko 80 ake kwantar da gefen wuƙa, sannan a bi da 120 da 220 har zuwa 400 domin share zanen da na baya ya bari. Akwai wani tarko a nan ga mai haɗa kaya daga ƙasashe daban-daban. Lambobin Turai, waɗanda ake sa wa harafin P a gaba, suna tafiya kusan daidai da na Amurka har zuwa 220, daga nan sai su rabu, ta yadda P800 na Turai ya yi kusa da 400 na Amurka. Bel ɗin Trizact na kamfanin 3M kuwa lissafinsa a juye yake, domin lambarsa girman ƙwaya take nunawa, A45 ya yi daidai da kusan P400, A16 kuma ya fi shi laushi nesa. Haka nan akwai harafin da ke nuna kaurin yadin: J mai lanƙwasuwa ne, ya dace da zagayen ƙota, X da Y kuwa masu tauri ne na aikin ƙarfi.

Yanzu sai lissafin kuɗi, wanda shi ne ya fi shafar masu karanta wannan shafi. Kafin watan Yuni na 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar naira ga kasuwa, ana canza dala ɗaya a hukumance a kan naira 460 da 'yan kai. Ya zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Cikakken injin bel na Amurka, irin su KMG da Bader da Burr King, idan aka haɗa da moto da na'urar sarrafa gudu, yakan kama daga dala 2,000 zuwa sama. A canjin 2024 wannan ya kai naira miliyan uku tun kafin a yi maganar jirgi da kwastan. Bel ɗaya na seramik mai kyau yakan kai dala 10 ko kusa da haka a can, wato kimanin naira 15,000 a wancan canji.

A gwada wannan da kuɗin wuta. Moto mai ƙarfin doki 2 yana bayar da kilowat 1.5. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin masu rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Ke nan aikin sa'a guda bai wuce naira 400 ba ko da an haɗa da wutar da moton ke ɓatarwa. Kuɗin bel ɗaya ya kusa biyan wutar sa'o'i 40, alhali shi bel ɗin ba zai yi ko kusa da wannan daɗewa a kan ƙarfe ba. Alal misali, a ɗauka bel ɗin ya fitar da wuƙa biyar kafin ya mutu. Naira 3,000 ke nan ta hau kan kowace wuƙa daga bel ɗaya tak, ba a sa sauran lambobin ba, ba a sa ƙarfe da gawayi da ƙota da kube ba. Wanda ke niyyar gogayya da maƙeran gargajiya a farashin wuƙar kasuwa, da wannan lissafi ba zai fita ba. Injin bel yana biyan kansa ne a wurin wanda ke sayar wa masu dafa abinci a otal, da manyan mahauta, da masu neman abin kyauta ko na ado, wato masu biyan kuɗin kyawun aiki da daɗewar kaifi.

Akwai hanyoyin rage wannan zurarar kuɗi, kuma duk masu sauƙi ne. Baƙin ɓawon da ke fitowa a jikin ƙarfe bayan an fitar da shi daga wuta ya fi ƙarfen kansa tauri, kuma shi ne babban makashin bel. A kankare shi da girandar hannu, ko a jiƙa ƙarfen a cikin binigar abinci ya kwana, kafin ya taɓa bel. Sabon bel a ajiye shi don kwantar da gefen wuƙa, wanda ya tsufa a mayar da shi wajen fitar da siffa da kashe kusurwoyi masu kaifi, domin kusurwa takan kwashe ƙwayoyin sabon bel tun a zagayen farko. Ga mai matsakaicin jari, zarkoniya a lamba 36 da 60 tare da aluminiyam oksaid a manyan lambobi sun isa fara aiki. Amma kada a yi rowar jefar da mataccen bel. Bel ɗin da ya daina ci zafi kawai yake haifarwa. Ana gasa wuƙar da aka taurara a wajen digiri 200 na ma'aunin Salsiyas domin a rage mata gautsi. Idan bakinta ya yi ruwan ƙasa a kan bel, an wuce wannan mataki, idan kuwa ya yi shuɗi, zafin ya kai wajen digiri 300, kuma wannan wuri ba zai sake riƙe kaifi ba sai an cinye shi ko an sake mayar da wuƙar wuta. Shi ya sa ake barin kaurin kusan milimita ɗaya a bakin wuƙa kafin a taurara ta, kuma ake ajiye bokitin ruwa a ƙarƙashin injin ana tsoma ta bayan kowane ja.

Batun moto shi ne wurin da masu odar kaya daga waje suka fi ƙonewa. Wutar gidajen Nijeriya bolt 230 ce mai zagaye 50 a daƙiƙa. Ta Amurka kuwa bolt 120 ce mai zagaye 60. Moton da aka naɗa don bolt 120 kaɗai zai ƙone a nan. Wanda ke karɓar 230 ɗin ma, gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, daga juyi 3,450 a minti zuwa wajen 2,850, kuma zai riƙa ɗaukar zafi fiye da yadda aka tsara. Tun da moto yana da nauyi kuma ana biyan jigila ne a kan nauyi, babu hikima a shigo da shi. Ana samun sabo da na hannu a kasuwar Alaba da ke Ikko, da Anacha, da Ƙofar Ruwa a Kano. Abin da za a nema shi ne ƙarfin doki ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma ya kasance rufaffe, mai fanka a waje. Buɗaɗɗen moto yana zuƙar ƙurar ƙarfe zuwa cikin naɗinsa, ƙurar ƙarfe kuwa wuta na bi ta cikinta. Idan na hannu ne, a tafi da mai gyaran lantarki ya auna abin da yake ja, ya duba ko an taɓa sake naɗa shi, kuma ko wayar tagulla ce ko ta aluminiyam.

Gudun bel ya dogara ne da juyin moto da faɗin wilin da ke kansa. Wili mai milimita 100 a kan moto mai juyi 2,850 yana ba da kusan mita 15 a daƙiƙa. Mai milimita 150 yana ba da kusan mita 22, wanda shi ne yankin da seramik ke fara nuna kansa. Amma wannan gudu zai ƙona ƙotar katako, kuma ya yi yawa ga manyan lambobi. Maganin wannan shi ne na'urar sarrafa gudu da 'yan kasuwa ke kira VFD. Tana karɓar wutar gida mai layi ɗaya ta mayar da ita layi uku, don haka sai an haɗa ta da moto mai layi uku wanda aka rubuta 230/400 a jikinsa, a kuma ɗaura shi a ɗaurin 230. Tana da wani amfanin da ya fi muhimmanci a nan ƙasar fiye da can inda aka ƙera ta. Moto idan zai tashi kai tsaye yakan fizgi wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ja a lokacin aiki, shi ya sa ƙaramin janaretan nan da ake yi wa laƙabi da na-fi-maƙwabcina ba ya ko motsa shi, matsakaici ma sai ya durƙusa. Na'urar kuwa a hankali take tayar da moton. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, bambancin man da babban janareta da matsakaici ke sha ya zama abin sakawa a lissafi. Rauninta biyu ne, ƙurar ƙarfe da hawa da saukar wuta. A sayi mai rufaffen akwati, ko a gina mata akwati nesa da tartsatsi.

Gangar jikin injin ita ce ɓangaren da ba ya buƙatar dala. Masu walda da masu injin feƙe ƙarfe a Panteka ta Kaduna, da Aba, da Nnewi, suna ƙera abubuwan da suka fi wannan wuya. Abin da ake buƙata daga gare su shi ne daidaito. Dole wilolin duka su tsaya a layi ɗaya, wilin saiti ya kasance da ɗan tudu a tsakiyarsa domin ya riƙe bel, boris ya zama rufaffe ta fuska biyu, allon ƙarfen da ke bayan bel kuma ya zama shimfiɗaɗɗe sarai. Ƙarfe mai kauri ya fi, domin nauyi ke kashe karkarwa, karkarwa kuwa a jikin wuƙa take bayyana. Wilin roba mai inci 8 ko 10, wanda ake fitar da gefe mai rami da shi, yana cikin 'yan abubuwan da ya fi kyau a shigo da su, domin idan bai daidaita ba babu gyara. Kafin a biya cikon kuɗi, a ɗora bel a tayar da injin, a ga ko bel ɗin yana yawo hagu da dama, sannan a danna guntun sifirin da ƙarfi. Idan moton ya sassauta ko bel ya zame, to a can wurin maƙerin za a gyara, kada a kai gida.

Har ila yau akwai kuɗin kare lafiya, wanda ba a cika sakawa a lissafi ba. Tabarau da abin rufe hanci mai tace ƙura wajibi ne, domin ƙurar ƙarfe da ta kaushi ba sa fita daga huhu cikin sauƙi. Ba a tsayawa gaban wannan inji da babbar riga ko hannun riga mai faɗi. Kuma a share garin katako kafin a koma kan ƙarfe, tun da tartsatsi yana iya kwanciya a cikinsa ya tashi bayan an kulle shago.

Ga 'yan kasuwa masu shigo da kaya, a nan akwai wata ƙofa. Mutum ɗaya da ya yi odar bel goma ta jirgin sama yakan tarar kuɗin jigila ya kusa kamo kuɗin kayan. Wanda ya shigo da su da yawa ta ruwa, ya bi hanyar Form M a banki da takardar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kayayyaki, ya biya harajin kwastan da na VAT, wanda aka mayar kashi 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairu na 2020, zai iya sayarwa ƙasa da haka kuma ya ci riba. Masu yin wuƙa kaɗai ba za su riƙe wannan ciniki ba, amma masu ƙera ƙofofi da matakalar bene ta ƙarfe maras tsatsa da masu kayan kicin na otal duk bel suke ci. Sai dai kaya ne mai lalacewa a ajiye. Gam ɗin da ke riƙe mahaɗar bel yana tsufa, kuma bel ɗin da ya tsinke a kan gudun mita 22 a daƙiƙa bulala ce a fuskar mai aiki. Danshin damina a Ikko da Fatakwal yana sa yadin ya kumbura, bushewar hunturu a Kano kuma tana sa ya kanannaɗe. Masana'antu suna son a ajiye shi a inuwa, cikin matsakaicin danshi na wajen kashi 50 cikin ɗari, a rataye a kan abu mai faɗi, ba a kan ƙusa ba, kuma nesa da daɓen siminti. Saboda haka dillali ya shigo da abin da zai ƙare cikin shekara guda, ya fi yawaita lamba 36 da 60 waɗanda su aka fi ci, kuma ya ƙidaya watannin da jirgin ruwa da fitar da kaya daga tashar Apapa za su ɗauka, ta yadda kayan za su iso shago aƙalla wata biyu kafin watan Zulhajji.